Motar Nan Ba Za a Yanka Ta Ba

Shekara talatin da huɗu ya yi a rumfa ɗaya, ta ƙarshe a layin kanikawa, inda kwata ta karya ta bi bayan katanga. Aikinsa gyaran lagireto, tukunyar nan mai siraran hanyoyi da ke gaban inji tana sanyaya masa ruwa. Yakan wanke ta, ya zura tsinken ƙarfe a kowace hanya, ya like inda ta tsage da dalma. Shi ya sa duk layin Mai Dalma ake ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Kayan aikinsa ba su cika akwati ba: fitilar narka dalma, famfon keke na hura iska, da rabin duro cike da ruwa inda yake nutsa lagireto ya jira kumfa ta nuna masa huda.

Abin da direbobi suka fi ƙorafi a kai shi ne yawan tambayarsa. Kafin ya ɗaga murfin inji sai ya zaunar da mai mota a benci. A ina ta yi zafi? A tsaye ko a guje? Hawa ko gangara? Ruwan yana raguwa?

"Baba, gareji muka zo ko asibiti?" in ji su.

"Inji ba ya magana," yakan ce. "Kai ne bakinsa."

Ɗansa na fari direba ne. Yana da farar mota mai kujera bakwai, yana kai yaran mutane makaranta da safe ya ɗauko su da rana. Ciwon kwana tara ya ɗauke shi yana da shekara talatin da ɗaya. Ya bar mata da 'ya'ya biyu da motar. Mai Dalma ya sa wa rumfarsa kwaɗo. Bai taɓa cewa ya daina aiki ba, kullum dai sai gobe.

Surukarsa ta iya tuƙi, marigayin ne ya koya mata har ta karɓi lasisi. Bayan wata biyar ta bi gidajen iyayen yaran ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗauki makulli. Mai Dalma ya ji labari. Kallon motar ne ba ya iyawa. In ya jiyo ƙararta daga bakin titi sai ya naɗe tabarmarsa ya shige ciki. Ta lura, ta daina biyowa da ita ta layinsu. Don haka da motar ta fara zafi ba shi ta gaya wa ba. Yayansa ta samu, tsohon ma'ajin kaya da ya yi ritaya, wanda al'amuran dangi ke hannunsa, take kiransa Baba Babba. Yaya kuwa ya kai motar babban garejin da ke farkon layi, wurin wanda ake kira Injiniya.

Wata Laraba da yamma surukar ta shigo wurin Mai Dalma, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Lafiya, 'yata?"

"Baba, gobe da safe mai yanka zai zo."

"Yankan me?"

"Motar. Sau uku ana kai ta gyara, tana ta tafasa. Injiniya ya ce gaskit ya ƙone, wataƙila ma kan injin ya lanƙwashe, gara a sayar wa masu yanka su ciri kaya tun jikin yana da daraja. Baba Babba ya amince. Ya ce a saya mini keken ɗinki in zauna a gida." Ta gyara mayafinta. "Ni ban iya ɗinki ba, Baba. Tuƙi na iya. Iyayen yara sun ce in Litinin ta yi ba su ga mota ba, za su nemi wani."

Ya ce, "A ina take zafin?"

"Da farko a cunkoso ne, in an daɗe a tsaye. Da na samu hanya sai allurar zafin ta sauko. Amma tun da suka taɓa ta abin ya juye. A tsaye lafiya lau, sai na miƙe a kan titi take hawa."

"Ruwa yana raguwa?"

"Sai in ta tafasa ta zubar. In ba haka ba, yadda na cika da safe haka nake samunsa."

"Kin gaya musu wannan?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Cewa suka yi ƙafata ce ta yi nauyi."

Da safe ya cire kwaɗon rumfa, ya ɗauki fitilarsa da sifana biyu da tsumma, ya nufi farkon layi. Ya tarar mai yanka ya riga shi, ya juyo da bayan motarsa ta jan motoci, yana warware sarƙa. Yaya yana zaune a kujerar roba. Surukar tana tsaye can gefe, wajen tarin tayoyi. Farar motar na tsakiya. Ya dube ta sau ɗaya, sannan ya mayar da idonsa kan murfin inji, bai ƙara ɗagawa ba.

"A'a, Mai Dalma!" in ji Injiniya, yana goge hannu. "Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Mun ɗauka dalmar ce ta like ka da tabarma. In motar ka zo gani, mun gama bincike. Zamanin like-like ya wuce, Baba. Yanzu lagireton roba ake yi, ya fashe a jefar."

"Motar ma ta roba ce da za ku jefar? Buɗe mini."

Yaya ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai tun kana yaro kanka ya fi ƙarfen da kake likewa tauri. Na riga na yi magana da mutumin nan, ga shi ya zo da sarƙarsa. Magana zarar bunu ce."

"Yaya, taka ka zara. Motar nan ba taka ba ce, ba tawa ba ce. Ga mai ita can a tsaye kamar baƙuwa." Ya juya ga mai yanka. "Malam, nemi inuwa. In na gama na ga ta mutu, ni zan ɗaura maka sarƙar da hannuna."

Ya fara da abin da aka ce ya lalace. Gaskit shimfiɗa ce tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ita ke raba ruwa da mai da wuta, kuma in ta ƙone ba ta ɓuya. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya goga a farin tsumma. Man baƙi ne wuluk, babu alamar ya cuɗu da ruwa ya koma kamar madara. Ya buɗe murfin lagireto tun injin yana sanyi, ya cika ruwa har wuya, ya ce da surukarsa ta tayar. Ya sunkuya yana kallon bakin ruwan minti biyar cur. Ko ƙwayar kumfa ba ta taso ba. Ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bututun hayaƙi, ya sansana. Babu farin tururi.

"Ina gaskit ɗin da ya ƙone?"

"Wata ƙunar ba ta nunawa a tsaye," in ji Injiniya. Kanikawan layi sun fara taruwa, wasu da sifana a hannu.

"To me kuka yi mata?"

"Abin da kowa ke yi. Mun cire tamostat, mun sa mai wayarin, mai gyaran wutar mota, ya haɗa fanka kai tsaye, da an murɗa makulli ta kama. Ga ta nan tana gudu kamar za ta tashi sama. Ka taɓa jin fanka mai ƙarfin wannan?"

Fankar kam tana ruri. Mai Dalma ya yagi siririn ƙyalle daga tsummansa, ya zagaya gaban mota, ya riƙe shi da yatsa biyu daf da ragar gaba. Fankar da ke bayan lagireto zuƙo iska take yi daga waje zuwa ciki, don haka kamata ya yi ƙyallen ya manne da raga. Sai ƙyallen ya miƙe yana kaɗawa wajen ƙirjinsa. Iska mai ɗumi tana dukan fuskarsa.

Ya bar ƙyallen yana kaɗawa har kowa ya gani.

"Kai!" in ji wani bakanike daga baya. "Waje take hurawa!"

"An juya wayoyin," in ji Mai Dalma. "A tsaye tana ɗan fifita ruwan, ko da a baibai ne. Amma in mota ta miƙe, iskar hanya tana turowa ciki, fanka tana turawa waje, su yi ta kokawa a bakin ƙofa, ba wadda ta wuce. Ruwa ba ya tsami banza. Wata biyu kuna jin ƙararta, ba wanda ya tara hannu ya ji inda ta dosa."

"Wannan ai aikin mai wayarin ne, ba nawa ba," in ji Injiniya.

"Hukuncin yanka fa, shi ma mai wayarin ne ya yanke? Ina tamostat ɗinta?"

Injiniya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya nuna wani bokiti a ƙarƙashin teburin aiki. Cike yake da su, tsofaffi da sababbi, duk waɗanda aka ciro daga motocin mutane. "Kayan ƙasashen sanyi ne, Baba. Da wannan ranar tamu me zai yi in ba tare ruwa ba?"

Mai Dalma ya tsuguna ya tona bokitin har ya sami mai faifai biyu, irin na wannan injin. Ya kunna fitilarsa, ya ɗora gwangwanin ruwa, ya jefa shi ciki. Kafin ruwan ya tafasa bakinsa ya buɗe a hankali. Lafiyarsa ƙalau.

"Wannan ƙofa biyu yake tsaro," ya ce, surukarsa yake yi wa bayani. "In inji ya ɗumama, yana buɗe hanyar lagireto, ya rufe wata gajeriya da ke komawa cikin inji. In ka cire shi, gajeriyar tana nan a buɗe. Ruwa kuwa malalaci ne, ba ya bin doguwar hanya in ga ta kusa. Ciwonta na farko ƙaramin makunnin da ke tayar da fanka ne ya mutu, shi ya sa take zafi a cunkoso. Shi kaɗai ya kamata a canja."

Ya jira injin ya huce. Ya mayar da tamostat, ya sa aka kawo sabon makunni daga shagon kayan gyara, ya tsaya a kan mai wayarin har ya mayar da kowace waya mazauninta. Ya cika ruwa, ya yi ta matsa tiyo har iskar da ta maƙale ta fita. Rana ta kusa tsakiya kafin ya rufe murfi.

"A tsaye kowa gwani ne," in ji Injiniya. "Ku kai ta hawan gada mu gani."

"Can za mu. Yaya, shiga baya, kai ne shaida."

Da ya kama hannun ƙofar gaba sai ya tsaya. Rabonsa da shiga motar nan tun ranar da aka kai ɗansa asibiti a cikinta. Ya buɗe, ya zauna, ya ja ƙofa. An matso da kujerar direba gaba sosai. Ya kalli wannan, sannan ya kafe idonsa a kan allurar zafi.

Surukar ta ja motar ta fita daga layin, ta ratsa kasuwa, ta hau babban titi. Ta sa giya ta huɗu. Allura ta taso ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan.

"Daga wancan allon na gefen titi take fara zafi, Baba."

"Taka ta. Kada ki tausaya mata."

Ta taka. Suka wuce allon, suka kama doguwar hawan da ke kaiwa gada, wata babbar mota tana tafiyar hawainiya a gabansu. Ta leƙa, ta sauke giya, ta wuce ta. Yaya ya riƙe kujerar gaba da hannu biyu.

"Ke 'yar nan, a hankali! Ba tsere muka zo ba."

"Ai ka ji an ce ƙafarta ce mai nauyi," in ji Mai Dalma. "Bari mu ga nauyin."

Suka haye gada, ta juyo, suka sake hawa daga ɗaya ɓangaren. Allurar ba ta motsa ba. A mahaɗar hanya cunkoso ya tare su kusan minti goma. Allura ta ɗan ɗaga kai, sai suka ji fanka ta kama da kanta, ta yi aikinta, ta yi shiru.

Surukar ta dubi agogon mota. "Baba, sha biyu da rabi ake tashin ƙananan aji. Ina so in tsaya da ita a ƙofar makaranta, iyaye su gan ta da idonsu."

"To me kike jira? Sauke mu a nan."

"A nan?" in ji Yaya. "Da wannan gwiwar tawa?"

Suka sauka a bakin titi. Ta kunna fitilar nuna juyawa, ta kutsa cikin motoci, ta karya kwana. Tsofaffin biyu suka kama hanyar layin kanikawa a ƙafa, Yaya yana dogara sanda yana mita.

"Mutumin can fa da na sa ya zo tun safe, me zan ce masa?"

"Ka ce masa mai motar ta tafi aiki."