Hannun da Na Gani a Madubi

Ƙarfe uku da minti goma na rana ne, wata Asabar a tsakiyar damina, na ga abin da har yau ban daina gani ba. Na san lokacin daidai domin agogon hannuna yana ajiye a kan tabarma kusa da gwiwata, kuma a wancan zamani ba na yin komai sai na duba agogo. Ina roƙon edita ya ɓoye sunana, ni ma zan ɓoye na duk wanda zan ambata.

Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, ina karatun kiwon dabbobi a wata makaranta a Zuru. Ni ’yar Wasagu ce. Tun ina ƙarama aka san ni da shiru da kunya da son littafi. Idan malami ya yi tambaya a aji, ko na san amsa sai in sunkuyar da kai in bari wani ya faɗe ta ba daidai ba. Mijina soja ne, an tura su aiki wata ƙasa ina da cikin wata huɗu, ya bar ni a ɗaki ɗaya a wani gidan haya. Ɗakin da ke manne da nawa na wata dattijuwa ce Kirista, matar wani tsohon soja da ya rasu. Kowa a gidan Mama yake ce mata, ita kuma ɗiyata take ce mini. Ciwon gwiwa ya hana ta zuwa gona, saboda haka kullum tana bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa, tana waƙoƙin coci da yarensu ƙasa-ƙasa. Ta san lokutan sallata kamar ita ce ladan. In na makara fitowa da buta sai ta ce ashe yau Hajiya ta tuba, in shirya gobe mu tafi coci tare, za ta ara mini ɗankwali.

Bisa al’ada ya kamata in koma gida goyon ciki tun wata na bakwai, amma na yi ta aika wa Inna, mahaifiyata, cewa jarrabawa ta tsare ni, sai mako mai zuwa. Gaskiyar magana, jarrabawa rabin dalili ce. Na taɓa ganin haihuwar yayata a gida: ɗaki cike da mata, wannan ta riƙe, wannan ta leƙa, bayan kwana biyu ana ba da labarin rakinta a bakin rijiya ana dariya. Asibiti kuwa sau ɗaya na je awo, na tarar namiji ne ke dubawa ranar, na zame daga layi na dawo gida. Babu abin da nake tsoro a duniya kamar ido. Ana cikin haka na ci karo da wani littafin Turanci a laburaren makaranta mai bayanin haihuwa dalla-dalla, a cikinsa har da hoton wata mace an riƙe mata madubi don ta ga fitowar kan jaririnta. Ban kula da cewa a hoton akwai ma’aikata tsaye a kanta ba. Madubin kawai na gani, na ce a raina ga idon da ba zai ba da labarina ba. Na sha karɓar haihuwar akuya da tunkiya a gonar makaranta, har malaminmu yana yaba hannuna, sai na ga ai tawa ma ba za ta gagare ni ba. Niyyata in haihu ni kaɗai, in yanke cibiya, in gyara wuri tsaf, sannan in buɗe ƙofa in kira Mama.

Na yi shiri irin na mai shiga ɗakin jarrabawa. Na sayi sabuwar reza, na dafa zare, na wanke tsummoki na goge su, na tanadi leda da ruwan zafi. Na kwance dogon madubin da ke jikin sif ɗina na aure na jingina shi a bango. Naƙuda ta fara tun asuba, amma na yi shara, na gaishe da Mama kamar kullum, ta dube ni ta ce cikin nan ya sauka, na ce tuwo ne na ci da yawa. Bayan azahar faya ta fashe. Duk mutanen gidan sun tafi gona, Mama kaɗai ta rage. Na sa sakata, na kunna rediyo don ya rufe nishina, na tsuguna a gaban madubin na jingina baya da gado. Hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu-duhu kamar almuru. Tudun cikin ya tare mini gani, duk abin da zan sani game da jikina sai ta madubin.

Kai nake jira, domin kai littafin ya nuna. Abin da ya fito hannu ne, ɗan mitsitsi, har zuwa gwiwar hannu, tafinsa yana fuskantar madubin. Ina kallo yatsun suka buɗe a hankali, suka rufe, suka sake buɗewa.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne abin da ban taɓa iya yi wa kowa bayani ba. Ban ji tsoro ba a lokacin. Ji na yi kamar matar da ke cikin madubin wata ce daban, wata baiwar Allah da aka kawo mini in duba, ni kuma ɗaliba ce a gefe. Na dubi fuskarta, gumi ya jiƙa ta, bakinta a rufe gam, na ce wannan tana da haƙuri. Na tuna cewa idan ƙafar ɗan akuya ta fito ba daidai ba, mayar da ita ake yi a juya shi. Na miƙa hannu ina bin madubin, in na nufi dama sai hannun matar ya tafi hagu, na yi ta lalube har na taɓa wani abu mai santsi, jikina ya yi yar, na janye. Daga nan ban sake gwadawa ba. Na zauna ina kallo, ina jiran kan ya biyo baya, ciwo yana zuwa yana tafiya, ina cizon gefen zanina. Duk da rediyon, ta bango ina jin ƙarar gyaɗar Mama tana faɗawa a kwano ɗaya bayan ɗaya. Ko tari mai ƙarfi na yi da ta ji. Amma duk lokacin da na buɗe baki, sai in ga yadda matar madubin take, tsirara cikin jini, in ce a’a, ba za a gan ta haka ba, bari dai ya fito tukuna.

An kira la’asar ina ji. Ruwa ya sauko, ya ɗauke. Can Mama ta ƙwanƙwasa, ta ce Hajiya an yi sallah an bar ta. Na yi shiru. Ta sake bugawa, ta kira ni ɗiyata, na yi shiru. Sai na ji ta tafi da jan ƙafarta, har na ji sanyi a raina. Jim kaɗan wata fuska ta bayyana a cikin madubin, a saman kafaɗar matar, baƙa, da farin gashi, ba wuya ba jiki. Idanunta suka shiga cikin nawa. A nan ne na yi ihun da ya kamata in yi tun da rana. Ashe Mama ce ta zagaya bayan ɗaki ta leƙo ta taga, madubin kuwa tagar yake fuskanta. Da taɓarya ta ɓalle ƙofar. Ba ta yi mini faɗa ba, ta lulluɓe ni da zaninta na sama, ta fita titi da gwiwar nan tata ta tare wata akori-kura mai ɗauke da buhunan masara. Ina tuna an kwantar da ni a baya, kaina a kan buhu, Mama a wajen ƙafafuna ta rufe ni da jikinta. Daga nan ban san komai ba.

Da na farfaɗo an yi mini aiki, Inna ta iso daga Wasagu, an riga an binne yaron. Namiji ne, a gicciye ya kwanta, abin da awo ɗaya zai iya nunawa. Inna ta ce in yi haƙuri, likita ya ce yaron ya daɗe da rasuwa a ciki, tun kafin naƙuda, ko a gadon asibiti nake babu abin da za a iya. Mama ta gyaɗa kai. Da mijina ya dawo, shi ma abin da aka gaya masa ke nan, ya maimaita mini. Sun faɗa ne don hankalina ya kwanta, amma maganar ce ta hana ni barci shekaru. Domin in yaron ya mutu tun kafin naƙuda, to mene ne na gani yana buɗe yatsu yana rufewa? Na tambayi Inna sau ɗaya, ta toshe mini baki, ta ce mai naƙuda ba ta kallon madubi, ni na jawo wa kaina, ƙofa na buɗe wa abin da ba a faɗar sunansa. Ta sa aka kai madubin daji aka fasa, aka yi ta kawo mini rubutu.

Na yarda da ita, duk da karatuna. Na daina duba madubi kwata-kwata. Da lalube nake ɗaura ɗankwali, in na je kitso sai in juya wa madubin bango baya, ko a mota ba na zama bayan direba. Ruwan randa ma sai na kau da kai nake ɗiba. Na gama makaranta, na sami aiki a Mahuta, Allah ya ba ni ’ya’ya biyu, duk a asibiti, duk a hannun maza, ban kuma mutu don kunya ba. Amma duk jaririn da ya buɗe tafin hannunsa a gabana sai tsigar jikina ta tashi, har nawa na cikina.

Shi ya sa nake rubuto wannan, musamman don ’yan mata irina masu shiru, waɗanda ake yabo da kunya da kawaici. Kunya ado ce, amma a ɗakin haihuwa tana kisa. Ku je awo ko wa ke dubawa. Kada karatu ya ruɗe ku, littafi ba ya riƙe mutum, madubi kuma ba ya kiran kowa. Labarin rakinki a bakin rijiya kwana uku ne ya wuce. Ku kuma iyaye, in za ku rufe wa mutum gaskiya don tausayi, ku fara tambayarsa abin da ya gani da idonsa.

Bara ne na ji Mama ta koma ƙauyensu a kan dutse, wajen ɗanta, idanunta sun kusa tafiya. Na hau kabu-kabu na je. Da muryata ta gane ni, ta ce Hajiya ta zo tuba ke nan da tsufanta. Muka yi dariya, muka sha kunu. Da jikokinta suka watse na matsa kusa da ita, na roƙe ta don girman Allahn da take bauta wa ta gaya mini gaskiya, domin na gaji da tsoron abin da ban san ko mene ne ba. Na ce ita ma ta leƙa madubin nan, me ta gani?

Ta daɗe tana murza gwiwarta. Sannan ta ce ita da Inna ne suka shirya maganar a barandar asibiti, likita bai faɗi haka ba, sun ji tsoron in na sani zan bi yaron. Ta ce ita ma tana da nata kason, domin tun da aka kira la’asar ba ta ga butata ba ranta ya ba ta, amma ta ce bari yarinya ta huta, ta ƙarasa kwanon gyaɗarta. Ta ce babu wani aljani a ɗakin nan, ɗana ne na gani. A bayan motar ta sa hannu ƙarƙashin zani ta ba shi ɗan yatsanta, ya kama da ƙarfi irin na sojan gaske, ya riƙe ta tun daga ƙofar gida har suka wuce kasuwa, sai da suka hango ƙofar asibiti sannan ya sake ta.