Zanzaro a Bakin Bindigar Babana

Kafin in zama abin dariya a unguwarmu, ni ɗan acaɓa ne a garin Lafia, kuma wallahi ban rasa komai ba. Babur nawa ne, fasinja ba sa yanke min, in na dawo gida Innata ta ajiye min tuwo da zafinsa. Abu ɗaya ne yake cin raina: ba wanda yake jin tsorona. Ni gajere ne, ga murya siririya, ko a tasha na ɗaga murya sai a ce, "Kai malam, matsa gefe manya su yi magana." Samari, musamman ku da kuke ganin rataya makami shi ne girma, ku karanta labarina. Ku yi dariyarku, na yafe, ni ma yanzu ina yi.

Babana maharbi ne, Allah ya jiƙansa. Da ya rasu ya bar bindigar toka a rataye a bangon ɗakin Inna, shekara da shekaru ba mai taɓa ta. Ina yaro na sha jin yana faɗa wa sababbin maharba cewa in sun shigo gari bakin bindiga ya kalli ƙasa, in kuma sun gamu da hukuma su ajiye ta tukuna, sannan su yi gaisuwa hannu a buɗe. Ni kuwa lokacin hankalina yana kan naman zomon da ke jakarsa.

Bikin wani abokina ne ya ja min. An ce a yi shigar gargajiya don hoto, sai na ɗauko rigar Baba mai layu, na saɓa bindigar, na hau babur. Kai, ranar na ga abin mamaki! Wani direba da ya saba zagina ya kauce min a hanya. A shingen 'yan sanda na hanyar Assakio wani ya ɗaga min hannu yana cewa, "Sannu da aiki, maharbi!" Lokacin ɓarayin doya sun addabi manoma, 'yan banga suna taimaka wa hukuma da sintiri, shi ya sa suka ɗauka ni ma cikinsu nake. Kaina ya kumbura har hulata ta matse ni.

Aka gama biki, ni ban mayar da bindiga ba. Na fara zagaya ƙauyuka da ita a baya, ina cewa an turo ni tsaron gonaki. Wannan ya ba ni doya, wancan kaza, a rugar Fulani a cika min ƙwarya da nono. Ban taɓa zuba mata albarushi ba, ban ma taɓa leƙa bakinta ba. In faɗa muku gaskiya, ko tayar mota ce ta fashe kusa da ni sai na tsuguna.

Inna ta tare ni wata rana a bakin ƙofa. Ta ce, "Mayar da bindigar nan inda ka ɗauko ta. Kai wasa kake, amma ranar da wani zai ɗauka da gaske kake, gawarka za a kawo min." Na ce, "Haba Inna, 'yan sandan nan duk mutanena ne." Na wuce na bar ta tsaye.

Daga karɓar kyauta sai kwaɗayi ya ƙaru. Akwai wata tsohuwa a wajen Assakio, Mama Ladi, mijinta ya rasu, ita kaɗai take noma doyarta. Ta ce min, "Ɗana, ka duba min doya na, Allah zai biya ka." Na ce ta kwantar da hankalinta. Tana tafiya coci ko kasuwa, sai in zagaya bayan rumfar da take ajiye doya in cika buhu in kai Lafia in sayar. In ta yi kukan doya tana raguwa, in buga gindin bindiga a ƙasa in rantse sai na kama ɓarawon. Rashin kunya fa, har da tsawa! Abin da ban lura ba, buhun da nake ɗauka nata ne, ta yi masa faci da tsohon zaninta. Maƙwabciyarta ta gan shi a bayan babur ɗina, aka kai ƙara.

Ranar kasuwa ce, rana tsaka, na taho da buhu a baya, bindiga a kafaɗa, har ina fito. Na iso shingen ina jiran a ɗaga min hannu yadda aka saba, sai aka ce in tsaya. Na waiga, ga Mama Ladi zaune a benci ƙarƙashin mangwaro. Nan take na gane asirina ya tonu. Maimakon in sauka in ajiye bindiga a ƙasa yadda Baba yake koyarwa, sai na ce bari in nuna musu ni ma abokin aiki ne, in sara musu da ita kamar yadda na ga sojoji suna yi a talabijin. Na fizgo ta daga kafaɗa. Bakinta ya tsaya daidai ƙirjin wani matashin kofur da ban taɓa gani a wurin ba.

Ƙarar ɗana bindigarsa na ji, ƙaras! Har gobe tana kunnena. Fasinjojin wata mota da ke gefe suka kwanta, wata mata tana salati. Ni kuwa na daskare, hannuna ya ƙi sauka, ba abin da nake gani sai fuskar Inna a bakin ƙofa.

"Kofur, tsaya! Kar ka harba!" Babbansu ne ya daka tsawar, wani dattijo mai furfura da ake kira Sajan Ayuba. Ya tako a hankali ya shiga tsakaninmu, ya kama bakin bindigata ya karkatar da shi ƙasa, ya zare ta daga hannuna. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, wa ya koya maka riƙe bindiga?" Na ce, "Yallaɓai, gado na yi." Ya ce, "To ku zo ku ga magajin maharba, wanda zanzaro ya yi gini a bakin bindigarsa."

Ashe duk shekarun da ta yi a bango, zanzaro ya toshe bakin da laka, ni ina ta yawo da gidansa a kafaɗa ina razana mutane. Sajan ya sa makullin babur ɗina ya ƙwaƙule, busasshiyar laka da matattun tsutsotsi suka zubo a kan kwalta. Wurin ya kaure da dariya. Mama Ladi ta yi ta yi har da riƙe ciki tana cewa, "Wannan ne sojan doya na?" Kofur kaɗai ne bai yi dariya ba, gumi yake ta sharewa.

Da za a sa ni a mota, Sajan ya matso ya ce min a hankali, "Ni ma ɗan maharbi ne. Tun da ka tsaya na hango lakar nan, na san ba ta tashi. Ba don haka ba, wallahi ba zan hana shi ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa."

A kotu ban wahalar da kowa ba, na amsa duka: riƙe bindiga ba lasisi, sojan gona, da sata. Aka ƙwace bindigar, babban abin da Baba ya bar mana, aka tura ni gidan yari. Labarina ya riga ni isa, tun a bakin ƙofa ake kirana Zanzaro. Kar dariyar nan ta ruɗe ku, wurin ba daɗi, ga zafi, ga cunkoso, ga kunyar da take hana mutum barci. Zuwan Inna na farko na kasa ɗaga kai. Ta miƙo min garin kwaki da ƙuli-ƙuli ta ce, "Ɗago ka dube ni. Gara in gan ka a nan sau dubu da a shigo min da kai a makara." A ranar na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba, kuma a ranar na tuba.

A can na koyi kafinta. Da na fito, aikina na farko ƙofa ce mai sakata da na kai wa Mama Ladi ta rumfar doya, na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta yafe, ta kuma ba ni doya, ta ce wannan karon ta ƙofar gaba zan fita da ita. Yanzu ina da shago, na yi aure, Inna tana goyon jikarta. Ranar suna Sajan Ayuba ya zo, ya riga ya yi ritaya, ya ci tuwo ya ba mutane labarina daga farko har ƙarshe, ni ina zuba masa miya.

To samari, ga shawarata. Gaisuwar da ake yi wa mai bindiga a hanya tsoro ne, ba ƙauna a ciki, kuma mai jin tsoro shi yake fara harbi. In sana'arku ta makami ce, ku yi rajista, ku koya a hannun masu ita, in hukuma ta tsayar da ku ku ajiye a ƙasa ku buɗe hannu. In ba taku ba ce, ku bar ta a bango. Ni laka ce ta cece ni, ban san abin da zai cece ku ba.

Kwanan baya matata Hajara ta zo shago ta hango zanzaro yana gini a jikin katako, ta ɗaga tsintsiya za ta kakkaɓe. Na yi wuf na riƙe hannunta. Ta ce, "Lafiya?" Na ce, "Bar shi ya gama gininsa. Kakansa ne ya sa kika samu miji."