Kulocin Baba Hamidu

Sau uku na sauke giyabos ɗin motar Baba Hamidu cikin wata bakwai, kuma duk ukun yana tsaye a kaina yana gaya wa masu wucewa cewa ban iya aiki ba. Ni Lado, haifaffen Agege, da na shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin Fijo, wai ni ne ban san kuloci ba. Da wani ne, da tuni na watsa masa sifanoni na ce ya kai wa wanda ya iya. To, Baba Hamidu abokin mahaifina ne, shi ya feɗe ragon sunana, saboda haka sai dai in haɗiye in ci gaba da kwance noti.

Mutumin Gusau ne. Ya zo Ikko tun kafin yaƙin basasa, cikin taragon shanu, ya sauka a Iddo da riga ɗaya a wuyansa. Ya fara da dakon nama a kwata, sannan ya koyi tuƙi a hannun wani tsohon direba da ya ɗora shi a kan wata ɗabi'a da bai taɓa bari ba: ba ya tuƙi da takalmi. Da ya shiga mota zai tuɓe su ya tura ƙarƙashin kujera. Yakan ce wanda ya taka kuloci da takalmi bai san abin da mota ke gaya masa ba, shi kam da babban yatsansa yake gane inda take kamawa. Sama da shekara talatin yana kai nama daga kwatar Oko-Oba zuwa kasuwannin Oshodi da Mushin, bai taɓa ko goge fitilar wani ba.

Ban taɓa ganin mutumin da zama ke yi wa wuya irinsa ba. A tsaye yake cin abinci. Liman na yin sallama, kafin ka juya ya kai bakin ƙofa yana juya makulli a yatsa. Matarsa Inna Furera ta ce ko ranar Sallah sai ya fita ya tada mota ya saurare ta. Shekarun nan kuwa garin ma ba a zaune yake ba. Soja sun koma bariki, amma tun rikicin Mile 12 kowane gidan Bahaushe akwai jaka a ɗaure bayan ƙofa, jita-jita kaɗan sai ka ga an fara rufe shaguna. Baba Hamidu bai taɓa fashi ba. Ya ce nama ba ya jiran a gama gudu.

Motar ba tasa ba ce. Akori-kura ce ta Alhaji Jabiru, dillalin nama, wanda ya daɗe yana cewa Baba ya tsufa, gara a sa sabon jini. Duk ranar da nama ya makara, Alhaji yakan sake tada maganar. Kowa ya sani, har da Baba Hamidu, cewa ranar da Alhaji ya tabbatar laifin ba na mota ba ne, ranar zai karɓi makulli. Shi kuwa Baba, in ka raba shi da sitiyari, ban san me ka bar masa ba.

Farkon shekarar 2001 ya fara kawo mini ƙara.

"Lado, wagga mota ta ƙi giya ɗaya. In na nemi ribas kuwa sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa."

Wannan ba abin tada hankali ba ne. In giya tana gurza haƙori, yawanci kuloci ne bai gama saki ba. Na duba man da ke ɗan kofin masta, wato famfon kuloci, ya ragu kaɗan, na cika. Na fitar da iska daga bututu, na sauya robobin sama da na ƙasa, na daidaita wasan feda. Na zagaya da ita har Pen Cinema na dawo, giya na shiga da yatsa biyu. Ya karɓa ko godiya babu, ya tuɓe takalmi ya ja.

Bayan mako uku ya dawo, tun daga nesa nake jin ƙauri. Yanzu kuma wai in ya ba ta wuta inji sai ya yi ta kuka, mota ba ta gaba. Na ja birkin hannu, na sa giya uku, na saki kuloci a hankali. Lafiyayyar mota nan take za ta mutu, wannan kuwa ta ci gaba da numfashi abinta. Na sauke giyabos, na tarar filet, wato faifan kuloci, ya ƙone ƙurmus, ya suɗe har kan ƙusoshi. Na sa sabo. Wata biyu bai cika ba ya sake cinyewa. Na uku na haɗa da murfin da ke danne shi da boris, na kai fulawul, ƙarfen injin da filet ke mannewa a jiki, aka goge, don kada a ce na bar wani abu.

Abin ya tsaya mini a rai, ko abinci nake ci sai in tsinci kaina ina lissafinsa. Kulocin da ba ya saki daban, wanda ba ya kamawa daban, kuma ba kasafai suke haɗuwa a mota ɗaya ba. Gyaran da ke maganin ɗaya, shi ke tsananta ɗayan. Baba kuwa ya riga ya yanke hukunci.

"Kayan jabu kake sa mini! Ku 'yan Ikko ba ku san komai ba sai *oga, oga*."

"Baba, *abeg*, don Allah, a gabanka na fasa kwalin."

"To hannunka ne bai da albarka."

Wannan maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Har masu bas ɗin haya na danfo biyu da ke kawo mini aiki suka daina zuwa, don magana a tasha ba ta kwana.

Akwai abin da na riƙa gani ban ɗauke shi komai ba. Duk lokacin da na cusa kai ƙarƙashin sitiyari, sai in ga busasshen jini a kan fedar kuloci. Robar fedar ta daɗe da faɗuwa, ƙarfe ne tsirara mai ɗan kaifi a gefe. To, motar nama ce. Jini a sitiyari, jini a marikin ƙofa, jini har a takardun mota. Mutumin da ke tsallake kwatar da aka yanka shanu ɗari, in ka ga jini inda ya taka, me za ka ce? Nakan goge da tsumma in ci gaba. Inna Furera ma ta ce ta sha ganinsa a tabarma, ita ma na shanu ta ɗauka.

Wata Talata da hantsi sai ga shi ya shigo garejina da lodi a baya, an rufe da tamfol, ƙudaje sun fara taruwa. Ya ce ta sake. Ya kusa hawa kan ɗan okada da babur ɗinsa a mahaɗar jirgin ƙasa, don ya taka kuloci mota ta ci gaba da ja. Alhaji kuma ya ce wannan ne na ƙarshe, gobe zai kira wani bakanike ya duba, a san wanda ke wasa da shi.

Na ce, "Baba, yau ba na taɓa sifana. Shiga ka ja, ni zan zauna a gefe."

Ya yi ta faɗa, wai yaushe na girma da zan gwada shi tuƙi, amma ya shiga. Ba mu yi nisa ba muka faɗa gosulo, inda ake taka kuloci sau hamsin kafin a ci tsawon gida biyar. Ban kalli hanya ba, ƙafarsa ta hagu nake kallo. In zai sa giya, sai ta tsaya rabin hanya, ba ta kai feda ƙasa ba, giya ta gurza, shi kuma ya zagi motar. In ya gama, maimakon ya ɗauke ta, sai ta zauna a kan feda da nauyinta.

"Baba, ɗaga ƙafarka daga kuloci."

"Na ɗaga."

"Ba ka ɗaga ba."

"Kai Lado, ni za ka koya wa? Na ce na ɗaga!"

Ƙafar tana nan inda take.  Na ce ya juya mu koma, na manta wani ƙarfe.

A gareji ya zauna kan benci, abin da ba ya yi, ya ɗora ƙafar hagu a kan gwiwarsa yana ta masifa game da rana da nama da Alhaji. Na sunkuya kamar ina neman abu a ƙasa. A tafin ƙafar, dab da babban yatsa, akwai miki mai faɗin kwabo, gefensa ya yi fari, tsakiyar na tsattsafo jini. Na ɗauki guntun waya na soka a gefen mikin. Ya ci gaba da magana. Na ƙara dannawa har fata ta lotsa. Yana ta ba ni labarin wani bakanike a Gusau da ya fi ni iyawa.

Na ce, "Baba, dubi nan."

Ya duba, ya ga wayar a jikinsa. Maganar ta tsaya masa a baki. 

Daga baya ya ce, a hankali, "Tun kafin azumi take yi mini haka. Kamar na sa safa goma."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na miƙe tsaye.

"Ka sani? Ka sani ka bar ni ina sauke giyabos sau uku? Ka ɓata mini suna daga nan har Oshodi, ka ce hannuna ba albarka, alhali ka sani?"

"Ban sani ba, Lado. Tsoron in sani nike yi." Bai ɗago kai ba. "Duk sadda ka gyara sai in ce ƙila wannan karon motar ce."

Sai faɗan ya mutu a bakina, tausayi ya kama ni. Na koma na zauna kusa da shi, na fara nemo masa mafita kamar yadda na saba nema wa mota. Na ce zan sa wa fedar roba mai kauri. Na ce za mu je asibiti yau ɗin nan, ƙila ciwon suga ne, na ga irinsa a jikin wani kawuna. Na ce yanzu ana shigo da motocin tokumbo, na hannu daga waje, marasa kuloci, ƙafa ɗaya ke tuƙa su, ni da kaina zan lallashi Alhaji ya sayi ɗaya. Ya kama hannuna da ƙarfi.

"To ka rufa mini asiri kafin nan. Ka ce masa filet ne. Sau ɗaya, Lado. Don Allah, don darajar babanka."

Saura kaɗan in ce to. Sai wata tambaya ta zo mini da ban so yin ta ba.

"Baba, ta dama fa? Wadda ke taka birki?"

Ya kalli titi, inda mata ke tsallakawa da yara a baya, tire a ka. 

"Ta fara," in ji shi.

Bai sake roƙona ba. Ya zura hannu aljihu, ya fito da makulli ya ajiye a kan benci tsakaninmu.

"Tashi. Naman mutane na lalacewa."

Ni na ja motar zuwa Mushin. Ya zauna a kujerar gefe ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗora a cinya, ya kama ƙofa, ya sake mayarwa cinya. Bai gyara mini tuƙi ko sau ɗaya ba, ni kuwa na fi son ya zage ni. Hanya kawai yake nuna mini, wane lungu ne ba ruwa, wane ne ake kauce wa 'yan tasha.

Muna shiga kasuwa mahauta suka taso sauke kaya, matan da ke sayen kayan ciki suka biyo su da robobinsu. Babbarsu, Iya Risi, wadda ta san shi tun tana budurwa, ta leƙo ta taga ta gan shi a gefen fasinja, ta tafa hannu ta kwala wa sauran kira.

"*Ẹ wá wò ó!* Ku zo ku gani! Baba Hamidu ya zama oga! An ba shi direba!"

Suka kewaye motar suna guɗa, suna yi masa barka da Yarabanci da guntun Hausa, wata har da ɗan taka rawa. Na buɗe baki zan yi bayani, ya danne mini gwiwa. Ya gyara hularsa, ya yi musu murmushi, ya ɗaga hannu yana amsawa kamar gaske.

"*Ẹ ṣé o*, na gode, na gode. Allah ya kai ku ku ma."

Iya Risi ta ce tun da daɗewa ya cancanci hutu, gobe ma ya zo a haka su ƙara ganinsa.

Ya ce, "Gobe wani zai kawo muku. Ku bi shi a hankali, bai san ku ba."

Ba su gane ba, suka koma kan rabon hanji da tumbi suna dariya. Ya ɗaga gilashin tagarsa har sama, cikin zafin nan, ya juya fuskarsa wajen bangon kasuwar.

"Lado, kada ka tada ta tukuna," ya ce. "Bari in ɗan zauna a ciki."