Ramin Ruwan da Na Haƙa a Kan Tudun Kuza

A wancan lokacin ni tela ne a Gangare. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma Allah ya yi ni da yawan zullumi, irin wanda zai kulle shago ya yi nisa sannan ya dawo ya sake taɓa kwaɗon. A shekarun dubu biyu da 'yan kai ɗinki ya ja baya, sai na nemi aron fili a bayan Daɗin Kowa don noman rani, a bakin wani tsohon tafki da masu haƙar kuza suka bari. Na dasa kabeji. A gangaren filina akwai wata dattijuwa Kirista, 'yar asalin wurin, kowa Mama yake ce mata, tana renon tumatir. Ita ta sa baki mai filin ya karɓe ni, a lokacin da mutane ba su cika sakin jiki da wanda ya fito daga wata unguwa ba.

Injin ban ruwa ɗaya gare mu, kowa da ranarsa. A shekarar lambuna sun ƙaru sosai saboda motocin Kudu da ke zuwa lodi, tafki kuma ya fara janyewa tun rani bai yi nisa ba. Kullum da safe sai na je na duba inda ruwan ya tsaya. Mama takan yi mini tsiya, ta ce ko Malam tela awon tafkin yake yi zai ɗinka masa riga. Ta ce tun tana yarinya haka yake ramewa ya sake cika. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Sai na yanke shawarar haƙa rami a kan tudun jar ƙasar da ke saman filayenmu, in riƙa cika shi a ranata, in ajiye don ranar da ruwa zai yanke. Har wurin malaminmu na je na tambaya ko akwai haƙƙin wani a ciki. Ya ce muddin ban shiga ranar kowa ba, babu laifi. Da Mama ta gan ni da diga a kan tudun, ta ce ɗana ka sauko, wannan ba ƙasar Allah ba ce, aman injin haƙar kuzar Turawa ne. Ta ce babanta ya yi aiki a wurin, kuma ƙasar ba ta riƙe komai. Na gaishe ta da ladabi na ci gaba da haƙa. A raina na ɗauka ruwan take kishi.

Cikawar farko ruwan ya tsotse, na ce ƙasa ce take shan rabonta. Bayan cikawa ta biyu, na zo da safe na tarar gefen tudun da ke fuskantar filin Mama ya zame gaba ɗaya. Jan taɓo ya binne renon tumatir ɗinta kaf, kabejina kuwa ko ganye ɗaya bai taɓu ba. Tana tsaye da kwano a hannu, ba ta ɗaga murya ba. Wasu samari suka taru suna cewa da gangan na yi, abin ya fara ɗaukar wani salo. Ita ce ta kore su, ta ce wannan ba mugu ba ne, tsoro ne yake cinsa. Na roƙe ta ta ɗauki rabin kabejina. Ta ce masu sayenta tumatir suke jira, in riƙe abina.

Lokacin sabon reno ya riga ya wuce. Sauran ranin a lambunan mutane ta ƙare shi tana ƙodago, da shekarunta, ina ganinta da kwandon wasu a ka. Mai filin ya ce in na sare kabeji kada in dawo. Tafkin bai ƙafe ba har ruwan sama ya sauka.

Na daɗe ina duba al'amarin. Na kiyaye ranata, na tambayi malami, ban saci ɗigon kowa ba, amma mai zama a ƙasa da ni ta yi magana na ƙi ji. Ina jan kunnen masu irin halina, musamman yanzu da kowa ke rububin ruwan rani: kafin ka yi wa tsoronka tanadi, leƙa gangare ka ga wanda yake wurin. Ni na koma kan kekena na ɗinki, ita ce ta rasa shekara guda.