Mutumin da Ya Busa Jiniya Lokaci Bai Yi Ba

Tun gari bai gama wayewa ba za ka ga Neville Radford a filin ƙwallonmu, da takalmin roba da bokitin farar ƙasa, yana jan layi. Ya yashe magudanar ruwa, ya kori tumakin da suka tsallako shinge, ya hura wuta a tsohuwar ganga don tsofaffi su ji ɗumi. Haka yake tun haƙorana suna nan duka. Ni ce Marlene mai shayi da romo a gindin rumfar 'yan kallo, don haka ba ji na yi ba, gani na yi. Yanzu gwiwarsa ta ƙi, zai ajiye aiki ƙarshen wannan hunturu, kwamitin kulob kuma sun ce ba za a rubuta sunansa a allon girmamawa ba. To, ku buɗe kunne.

Duk wanda motarsa ta taɓa kafewa a taɓon bakin fili ya san taraktar Nev. Ya jawo ka ya wuce, godiyar ma ba ya tsayawa karɓa. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

Wata shekara ce, wasan ƙarshe na gasa, watan Agusta, mu da mutanen bakin teku. Iskar yamma irin tamu ta Tasmania ta taso da ruwa da ƙanƙara, kowa ya cusa kansa cikin rumfa, ta cika maƙil. Suna gabanmu da maki kaɗan, yaronmu ya cafe ƙwallo daf da gola yana shirin bugawa, don irin ƙwallonmu da hannu ake cafewa. Nev yana bayan rumfa, ya ga kwanon rufi yana ɗagawa, ƙusoshi suna ficewa. Ya zagayo yana ihu a fito. Wa zai ji? Wani ma cewa ya yi, "Kauce, tsoho, ka tare mana!"

Mu nan, da jiniyar hutu ta yi ƙara, ƙafa da kanta take tafiya. Yara su ruga fili da ƙwallonsu, manya su bi su don su ji faɗan da koci zai yi wa 'yan wasa. Haka muka taso. Nev ya san mu. Ya haura ɗakin mai kula da lokaci, Baba Col, wanda shi ya ba ni labarin da bakinsa.

"Col, busa."

"Ka sha wani abu ne? Lokaci bai yi ba!"

"Busa, ko ka matsa."

"Ɗanye za su cinye ka, Nev."

"Su cinye, in dai a fili za su ci."

Ya kai hannu ya danna da kansa, bai ɗaga ba. Yara suka kwasa a guje, iyaye suka bi. Waɗanda suka gane lokaci bai yi ba su ma suka sauko, don su zage shi. Duk ɗaya ne a wurinsa, sun dai sauko. Ni ma na saki ludayi na fita ina masifa. Muna tsakiyar fili rufin ya tashi gaba ɗayansa, ya juya a sama kamar tabarma, ya rikito kan bencinan da muka bari. Tukunyar romona ta koma faifai. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

Masu gasa suka soke wasan, aka sake, aka cinye mu. Shi ke nan laifinsa. Na tare shugaban kwamiti, Graeme Febey, a bakin kanti.

"Haba Marlene, doka doka ce. Ya taɓa jiniya, ya jawo mana asarar kofi."

"Kofi? Da wane baki za ka sha a cikinsa, da kan naka yana ƙarƙashin kwano?"

Ya shige mota. Ban yi makaranta ba, Graeme, amma na san bambancin kofi da akwatin gawa.

Nev, kai ne katangar da aka jingina da ita ana zaginta. Kai ne ka zaɓi gari ya tsane ka da rai da ya yabe ka a maƙabarta. Ka sha gori a mashaya, an daina gaishe ka a kasuwa, ba ka taɓa buɗe baki ka ce ni na cece ku ba. Ni na buɗe maka. Mun gode, mu da jikokinmu. Duk mai riƙe da makullin fili ya koya daga gare ka: in iska ta taso, rai ake fara dubawa, ƙwallo ta jira.

Ku kuma 'yan kwamiti, an ce za ku zauna ranar Talata. Zan zo, a gaba zan zauna. Kafin ka ɗaga hannu ka ce a'a, Graeme, ka biya gidan mahaifiyarka. Ka tambaye ta a wane benci take zaune ran nan.