Shekarar da Aka Hana Mu Jaka

Muna aji biyar na sakandare aka hana mu shiga makaranta da jaka. Lokacin ne garuruwan arewacin jiharmu suka watse, Jimeta ta cika maƙil da mutanen da suka gudo, kowane gida da baƙinsa, kowace ƙofa da mai bincike. Wata Litinin shugabar makarantarmu da ke Karewa ta tsaya gabanmu ta ce daga gobe kowa ya zuba littattafansa a farar leda, wadda ake ganin abin da ke ciki. Maigadi kuma aka damƙa masa wata sanda mai kuka idan ta ji ƙarfe. Tsohon nan bai taɓa jin daɗin aikinsa kamar a wannan zangon ba. Har malamai sai ya shafa musu ita, ya ce doka ce.

Abin da shugabar ba ta hango ba, jaka ce rufin asirinmu. Da leda ta zo sai ga kowa a fili. Wani da ya ishe mu da zancen zai tuƙa jirgin sama, ashe ƙullin gero yake yawo da shi na tantabarunsa. Wata mai harararmu duk lokacin da muka yi dariya da ƙarfi, sai ga madubi da jan-baki kwance a kan littafin lissafinta. Ni kuwa wani tsohon ƙamus ne marar bango, ina haddace manyan kalmomi saboda ƙungiyar muhawara, don na riga na yanke wa kaina lauya zan zama. Yau ina sakatariya ina buga takardun hutun ma'aikata. Amma a lokacin, ko gishiri Dada, wato mahaifiyata, ta aike ni saye sai na kawo mata hujja uku kafin in tashi.

Mutum ɗaya ce ledarta ba ta tona komai ba, aminiyata, wadda ke zuwa daga cikin Yola. Ajin kimiyya take, shiru-shiru, littattafanta a jere tsaf. A gidansu ba a tambayar me za ta zama, an gama wannan maganar tun tana firamare. Mahaifinta ya ƙare ƙuruciyarsa yana miƙa magani ta taga a asibiti, yana rusuna wa likitocin da a haife ya haife su. Ya yi ritaya da buri ɗaya tak, ya ga 'yarsa cikin farar riga.

Ita kuwa ɗinki take so, so irin wanda ke hana mutum sukuni. In muna tafe a hanya ba ta kallon fuskar mutane, kafaɗar rigarsu take kallo. Kowace Asabar akwai ƙarin darasi na 'yan kimiyya. Sai ta zauna darasin farko, ta sulale, ta hau keke mai ƙafa uku, ta haye gada zuwa Vinikilang. Can akwai wata mata da ta gudo daga Michika da kan keken ɗinkinta naɗe cikin zane, ita ke koya mata. Ni kaɗai na sani, har na raka ta sau biyu. Ta sha gaya min in mahaifinta ya ji, ɗinki ya ƙare. Ba duka take tsoro ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Fuskarsa take tsoron gani.

Almakashinta kuwa a tsakiyar littafin Kemistiri take ɓoye shi, don littafin ƙato ne. Maigadi jiki yake shafa wa sanda, ba ya kula leda tunda ana ganin cikinta. Haka aka yi makonni. Wata Asabar tana ɗaga hannu don a bincike ta, ledar ta gogi sandar, sanda ta tsandara kuka. Tsohon ya buɗe littafin a hankali, ya zaro almakashin da yatsa biyu.

"Ke yarinya, wannan wane darasi ne?"

Dokar a fili take: duk wanda aka kama da ƙarfe mai kaifi, sai ya zo da mahaifinsa. Aka ce ranar Litinin.

Da ta zo gidanmu da yamma idonta jawur, na ce ta kwantar da hankalinta, ai tana da lauya. Ta roƙe ni don Allah kada in sa baki. Na ce to, alhali na riga na fara tsara jawabi a raina.

Ranar Litinin babu wanda ya gayyace ni ofishin mataimakiyar shugaba, na bi bayansu kawai na tsaya jikin bango. Mahaifinta yana zaune cikin shuɗiyar shadda, hannuwansa a kan gwiwa. Almakashin yana kan tebur. Kafin a tambayi kowa komai na gyara murya.

"Malama, wannan kayan aikin Bayoloji ne. Da shi ake feɗe kwaɗo."

Mataimakiyar ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ke kuma wa ya kira ki. Amma ta aika a kira malamin Bayoloji. Ya shigo, ya ɗaga almakashin, tsawonsa ya fi na tafin hannunsa, ya juya shi.

"Kwaɗo? Sai dai in saniya za mu feɗe." Sannan ya dubi aminiyata ya ƙara abin da ya kashe mu. "Ke da ba kya ma kaiwa darasina ranar Asabar."

Da na yi shiru, da ba a kira shi ba. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Aka kawo rajistar Asabar, aka buɗe, ga sunanta a darasin farko, babu shi a sauran, mako bayan mako.

Mahaifin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ina kike zuwa?"

Ta faɗa masa duka, kanta a ƙasa, da gadar, da matar, da keken.

"Tela," in ji shi. Fuskar nan da take tsoro, na gan ta da idona, kuma na gane dalilinta. Ba fushi ba ne, kamar an sanar da shi rasuwa ne. Can ya ce daga yau shi zai kawo ta ranar Asabar, ya zauna a bakin ƙofa har a tashi. "Kin bar karatunki kin tafi ɓata wa mutane yadi. Abin da ko iyawa ba ki yi ba."

Nan fa raina ya ɓaci. A ce ta yi laifi, na yarda. A ce ba ta iya ba, wannan ƙarya ce, ni kuma bakina ba ya da linzami.

"Baffa, ta iya. Rigar da ke jikinka ma ita ta ɗinka."

Ta taka min ƙafa har sai da na ji a ƙwaƙwalwata, amma magana ta riga ta fita. Abin da ya faru shi ne, gab da ƙaramar Sallah ya ba ta shaddar ta miƙa wa telansa a kasuwar Jimeta, tunda hanyarta ce. Ta tarar da shagon a rufe, telan ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu saboda tsoron bam. Maimakon ta mayar da yadin, sai ta ɗauki tsohuwar rigarsa ta yi awo da ita, ta yi Asabar uku tana ɗinki a Vinikilang. Ya sa rigar ya je Idi, ya dawo yana yabon telan.

Ya ɗaga hannun rigar ya dube shi. Ya juya bakin, ya bi ɗinkin da babban yatsa, kamar yadda na tabbata yake duba kwalbar magani a da. Mataimakiyar ta tura masa takarda, ya sa hannu, ya ɗauki almakashin ya zura a aljihu, ya yi sallama ya fita.

Muka bi shi a baya kamar kajin da ruwa ya daka. Aminiyata ko kallona ba ta yi, ni ma ban ga laifinta ba. Na ɗauka na rasa ta, ita kuma na jawo mata rasa abin da take so. Sai da ya kusa ƙofa ya tsaya a inuwar darbejiya, ya juyo.

"Darasin Asabar za ki zauna har a tashi, ba na son in sake jin wata magana. Can wajen ɗinkin kuma ki je ranar Lahadi da yamma, yayanki ya raka ki."

Ta ɗago kai, ba ta gaskata kunnenta ba. Ya zaro almakashin, ya juya shi, ya miƙa mata ta wajen mariƙi. Idonsa ya kawo ruwa, kuma bai ɓoye ba. Tausayinsa ya kama ni fiye da murnar da nake taya ta. Ya sa yatsa a wuyan rigar ya ɗan ja.

"Wuyan nan tun ranar Sallah yake shaƙe ni," ya ce. "Na yi shiru ne don kada in ɓata wa telan suna. In kin dawo gida ki gyara min."