Ranar da Aka Ce Mutanen Baba Su Tashi

Mahaifina mai bishara ne, kuma in akwai wanda ya fi shi taurin kai a ƙasar Togo, ni dai ban gamu da shi ba. Ɗan ƙabilar Moba ne daga wajen Mandouri. Ya taso yana bin fataken shanu, a nan Hausa ta kama bakinsa. Da ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki, manyan ikilisiya a Dapaong suka ce ga mai jin Hausa, a tura shi Zangon Sokodé. Haka ya tafi, da shi da Inna da akwati ɗaya. A can aka haife mu, a can muka yi lakwal, wato makarantar boko, Hausar Zango ta zama harshenmu. Tasa Hausar kuwa ta kasuwar shanu ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Har yau "kai" yake ce mini, ni 'yarsa mace, haka ma yake ce wa Inna.

Kullum da safe zai rataya jakarsa ta fata, wadda igiyarta ta sha ɗinki har ta gaji, ya sa Littafinsa na Hausa da bangonsa ya ɓalle tun ana goyona. Sai ya fara da rumfar mahauta, ya gangara tasha wajen direbobin manyan motoci, ya ƙarasa zauren wani malamin allo da suke musu tun kafin a haife ni. Su yi musu, su sha shayi, malam ya ce, "Allah ya shirye ka, Pasto." Baba ya ce, "Amin, tare da kai." Gobe kuma a sake.

Kada a ce mutanen Zango ba sa son sa. Shi ke cika musu takardun Faransanci, shi ke raka baƙi asibiti ya yi musu tafinta. Da babbar Sallah naman layya har rasa igiyar shanya shi muke yi. Amma sama da shekara talatin, babu mutum ɗaya a Zango da ya ce ya bi hanyarsa. Ko ɗaya. 'Yar majami'armu mai rufin kwano ma'aikata ne 'yan kudu suke cika ta, su zo da addininsu, in an yi musu canjin wurin aiki su tafi da abinsu.

Abin ya daɗe yana ci mini rai. Ranar da aka ba ni takardar gama koyon ɗinki yana tasha. Ranar aurena ya sa mana albarka, kafin a fara rabon abinci ya sulale, wai wani direba yana kwance a asibiti ba shi da kowa. Na taɓa tare shi a ƙofar gida na ce, "Baba, wai ba ka ga ruwa kake zubawa a kwando ba?"

Ya gyara igiyar jakarsa ya ce, "Ni shuka aka ce in yi. Ba a ba ni lauje ba."

Da aure ya kai ni Dapaong na buɗe shagon ɗinki, sai na daina zuwa sujada, in ba Kirsimeti ko biki ba. Ba wani dalili ba ne illa haushi. Aikin da ya cinye mini uba, ban ga abin da zai sa in ba shi Lahadita ba. Baba ya sani sarai, amma bai taɓa yi mini faɗa ba. In mun yi waya sai dai ya ce, "Yaya majami'arku?" In ce, "Tana nan inda take."

Sai ga sanarwa cewa za a sallami tsofaffin masu bishara uku su huta, kuma a babbar majami'ar Dapaong za a yi bikin. Baba na cikinsu. Ina jin haka gabana ya faɗi, don na san al'adar wurin. Ana kiran mutum ya tsaya a gaba, sai babban fasto ya ce duk wanda ya ba da gaskiya ta hannun wannan bawan Allah ya tashi tsaye. Sauran biyun a ƙauyuka suka yi aiki, ɗaya a wajen Mandouri, ɗaya a wajen Langabou, kowanne yana da jama'a kamar ƙasa. Baba fa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsoho mai furfura zai tsaya a gaban gari guda, a kira mutanensa, benci ko ɗaya ba zai motsa ba.

Ni nake ɗinka wa zumuntar mata ankon bikin, don haka da shugabarsu ta zo gwaji na ja ta gefe. Na ce, "Mama, ki rufa mini asiri. Ko mata goma ne su tashi in an kira Baba."

Ta ce, "Haba 'yata, wannan ai ba abin roƙo ba ne. Wa ke cikinmu da bai taɓa jin wa'azinsa a babban taron shekara ba?"

Kuskurena ɗaya, na gaya wa Inna. Inna kuwa in ka ba ta magana, kamar ka zuba gero a rariya ne. Ranar Asabar suka iso daga Sokodé, ko ruwa Baba bai sha ba ya shigo shagona ya zauna a bencin masu jira.

"Na ji ka yi mini hayar mutane," in ji shi.

"Ba haya ba ce, Baba. Kunya nake guje maka."

"Ƙarya a ɗakin Allah, don furfurata ta yi kyau? Wa ya ce maka ina jin kunya?"

Na ce in shi ba ya ji, ni ina ji, ni ce ke zaune a garin nan, ni za a nuna da baki a kasuwa. Ya yi mini kunnen uwar shegu ya fita. Ashe gidan shugabar zumunta ya nufa. Daga nan ya bi matan nan gida gida cikin rana tsaka, bayan doguwar tafiyar mota, yana ba su haƙuri a madadina, yana roƙon kada wadda ta tashi. Da labarin ya iso mini, sai da na karya allura biyu kafin in gama rigar da nake ɗinka masa ta bikin.

Ranar Lahadi majami'a ta cika maƙil, har tagogi an tsaya. Aka kira na farko, rabin ɗakin ya miƙe, mata suka rangaɗa guɗa, masu ganga suka ɗauka. Aka kira na biyu, mutanen Langabou da suka cika mota guda suka tashi suna kaɗa mayafai. Sai aka kira Baba. Ya fito cikin rigar da na ɗinka masa, kuma wallahi da tsohuwar jakar nan a kafaɗarsa, wadda na roƙe shi ya bari a gida. Babban fasto ya faɗi maganar da Faransanci, tafinta ya maimaita da Moba.

Shiru. Ina jin ƙarar fanka, ina jin wani jariri yana tsotso. Matan zumunta duk sun sunkuyar da kai suna duban zanensu. Baba kuwa yana tsaye, hannu a kan jaka, yana murmushi kamar mai jiran a zuba masa shayi. Fasto ya ɗauka ba a ji ba, ya sake maimaitawa. Sai wata a bayana ta raɗa wa ta kusa da ita, da Hausa don in ji da kyau, "Shekara talatin yana cin naman Zango."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ba tsoron Allah ne ya tashe ni ba, gaskiya ɗaya ce, zuciya ce. Inna ta ja bakin zanena tana cewa, "Zauna mana, ke ai 'yarsa ce." Na fizge na tsaya ƙiƙam, ni kaɗai a cikin ɗaki guda, ina harar duk wanda ya waiwayo. Wani ya fara tafi a ɗarare, wasu suka bi. Baba ya dube ni, murmushin ya ɓace. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin sabuwar rigarsa.

Aka ba kowannensu kyautar kujerar hutawa mai naɗewa, aka ci shinkafa, aka watse. Na tafi gida ban yi wa kowa sallama ba.

Washegari ina buɗe shago sai ga babur ya tsaya. Baba ne a baya, kujerar a ɗaure a bayansa, jaka a wuya. A ranar ya kamata su koma Sokodé, don tun da nake ban taɓa ganin ya bar Zango ta kwana uku ba shi ba. Ya sauka, ya buɗe kujerar a ƙofar shagona, daidai inda masu kawo ɗinki ke wucewa, ya zauna ya fito da Littafi.

"Baba, mota fa?"

"Inna ya tafi. Na ba shi saƙo ya gaya wa malam sai bayan sati guda."

"Me za ka yi a nan har sati guda?"

"Duk wanda ya tashi, ana bin sa a koya masa. Haka aikin yake."

Na ji kamar in kurma ihu. Na ce, "Baba, don Allah kada ka sa ni magana. Ka san don kada a yi maka dariya na tashi."

"Na sani," in ji shi. "Amma a ɗakin Allah ka tashi, a gaban jama'a. Ko dai ƙarya ka yi, ko kuwa gaskiya ce ba ka gane ba tukuna. Na hana mata goma yin ƙarya, ba zan bar yarona da ita ba."

Na tsaya da almakashi a hannu ina kallon sa. Mutumin da bai iya zama a bikina ya ci shinkafa ba, yau shi ne ya bar mahauta da direbobi da malaminsa, ya zo ya kafa kujera a ƙofata. Haushi ya taso mini, wani abu kuma ya biyo bayansa ya cika mini ido. Na ajiye almakashin, na jawo 'yar kujerar da nake ɗora ƙyallaye na zauna.

"To, sai ka yi sauri," na ce. "Ina da ɗinki."

Ya lashi yatsa ya fara buɗe shafi a hankali. "Sauri?" in ji shi. "Kai ma ka san ban iya ba."